Ganawar ɗaukar aiki ta waya: yadda ake shirya mata a Damagaram

Ganawar ɗaukar aiki ta waya, wadda ma'aikatan ofis ke ce ma antaratiyan, hira ce tsakanin mai ɗaukar aiki da wanda ya ajiye dosiyensa, ba tare da sun ga juna ba. Galibi takan ɗauki minti 15 zuwa 30, kuma ba safai ake ba mutum aiki a kanta ba. Rariya ce: da ita ake tace sunayen da suka tsallake karatun takardu, a fitar da mutum uku ko huɗu da za a kira gaba da gaba, ko a ba su jarrabawar rubutu. Wanda ya faɗi a wannan mataki sau da yawa ba a ma sanar da shi, sai dai ya ji shiru.

Lamarin ya fi shafar ƴan Damagaram bisa ga ƴan Yamai, dalili kuwa nisa ne. Manyan ofisoshin ƙungiyoyin agaji, da bankuna, da kamfanonin sadarwa, kusan duk a babban birni suke, tsakaninmu da shi kuwa kusan kilomita 900 ne, tafiyar yini guda cur a bas. Ma'aikatar da ke son ɗaukar mutum ɗaya a Magarya ko Tanut ba za ta tara mutum goma a Yamai ta biya musu kuɗin mota da masauki ba, sai ta fara da waya. Annobar korona ta 2020, lokacin da aka killace Yamai aka hana shiga da fita, ta ƙara saba ma ma'aikatu da wannan hanya, kuma bayan annobar ba su bar ta ba. Aikin gwamnati daban ne, shi ta konkur ake shigarsa. Bayanin da ke tafe ya shafi ƙungiyoyi, da ayyukan raya karkara, da kamfanoni masu zaman kansu.

Layi, caji da wurin zama

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin yana farawa ne tun ranar da aka rubuta lambar waya a kan CV. Lambar ta zama taka ce ta kanka, wadda ke hannunka dare da rana, ba ta yayanka ko ta mai shagon ƙofar gida ba. Ya fi kyau a rubuta lamba biyu na kamfanoni daban-daban, tun da akwai Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom, da Niger Telecoms, kuma kowa ya san yadda rezon wani kan ɗauke a unguwa alhali na wani yana nan daram. In ma'aikatar ta waje ce, a sa +227 gaban lambar. Mazauna garuruwan bakin iyaka, irin su Ɗan Barto, waɗanda da yawansu ke riƙe da layin Najeriya, su tabbata layin da suka bayar shi ne ke cikin wayar, yana kuma kamawa a inda suke kwana.

Daga ranar da ka ajiye dosiye, duk lambar da ba ka sani ba ka ɗauke ta da ladabi. Mutane da dama sun saba ƙin ɗaukar baƙuwar lamba, ko su ɗauka da "wane ne?" cikin faɗa. Mai ɗaukar aiki yana da jerin sunaye gabansa. In ya kira sau biyu bai samu ba, yakan wuce ga na gaba. In kiran ya wuce ka, ka sa kiredi ka kira da kanka. Kada ka yi bip ka zauna jira. Waƙar da mai kiranka ke ji kafin ka ɗauka ita ma a duba ta, haka nan hoton da ke kan WhatsApp, don yanzu kira da yawa ta nan yake zuwa, musamman daga waje. Wannan kuwa yana bukatar mega isasshe, ba ragowar forfen jiya ba.

Maganar wuta ba sai an gaya ma ɗan Damagaram ba. Kaso mai yawa na wutar yankin daga Najeriya yake zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya kai maƙura, ɗaukewar kuran ba labari ba ce. A cika batir tun daren jajibiri, a kashe kallon bidiyo da safe. Wayar da aka bari a rana ko a aljihun babur tana iya yin zafi ta mutu da kanta tsakiyar magana.

Sai wurin zama. Kwana ɗaya kafin ranar, a daidai lokacin da aka ba ka, zauna inda kake niyyar zama ka kira wani aboki, ka tambaye shi abin da yake ji bayan muryarka. Kunnenka ya riga ya saba da injin niƙan maƙwabta, da kukan akuya, da hon ɗin ƴan kabu-kabu, amma waya ba ta saba ba, duk tana kwashewa ta kai. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na Birni yana da sanyi da shiru, sai dai wani lokaci rezo ba ya shiga ciki sosai. Ɗakin kwano kuma, in ruwan Agusta ya sauko, ko kai ba ka jin kanka. A tsakar gida lokacin hunturu iska na busa cikin waya kamar ana yage takarda. Wanda gidansu ya cika da yara ya roƙi ɗakin wani, ko ajin makarantar da aka tashi. Ranar Alhamis kuwa a yi nesa da kasuwar Dole. A gaya ma mutanen gida cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba a sallama da kai, ko wane ne ya zo.

In kiran ya zo ba zato, kana kan babur ko cikin kasuwa, ba laifi ba ne ka ce: "Na gode da kiran. Ina kan hanya ne yanzu, ba na jin ku da kyau. Ko za ku ba ni minti goma in samu wuri?" Wannan ya fi ka amsa tambayoyi kana ihu. Haka in lokacin da aka yanka ya faɗa kan sallar Juma'a, a faɗa tun ranar da ake tsaida lokacin, ba ranar ganawar ba.

Ƙarfe nawa, agogon wa?

In ofishin da zai kira yana wata ƙasa, a tambaya ko lokacin da aka faɗa na Nijar ne. Dakar, Bamako, Wagadugu da Abijan suna bayanmu da awa 1: ƙarfe 10 na can, 11 ne a nan. Kano, Abuja, Kwatano da Njamena agogonmu ɗaya. Faris da Janeba daidai suke da mu daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran shekara suna gabanmu da awa 1. Nairobi tana gabanmu da awa 2 kullum.

Abin da za ka shimfiɗa gabanka

Amfanin waya ɗaya ne babba: ba a ganin teburinka. Ka ajiye sanarwar aikin, ko daga jaridar Le Sahel ka yanko ta ko a allon ANPE ka kwafo ta, da CV ɗin da ka aika, da wasiƙar neman aikin, da biro da farar takarda. Wanda ya ajiye dosiye wuri biyar cikin wata guda ya rubuta su a littafi, sunan kowace ma'aikata da muƙamin da ya nema, don kada a kira shi ya shiga tambayar "wane aiki ke nan?" Shekarun da ke kan CV su zauna a kanka: in ka rubuta ka gama Jami'ar André Salifou a shekara kaza, bakinka kada ya faɗi wata.

Ka san ma'aikatar gwargwadon abin da kowa zai iya sani. Misali, mai neman aiki a matatar mai ta SORAZ, ko a wani kamfanin da ke yi mata aiki, ya kamata ya san an buɗe ta a 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man daga Agadem yake zuwa ta bututu, kuma kamfanin CNPC na Sin ke da kashi 60 cikin 100, gwamnatin Nijar 40. In ƙungiya ce, ka san a waɗanne gundumomi take aiki, kan me, tun yaushe. Ba don ka karanto musu tarihinsu ba, don in an ce "me ya sa mu kake so?" ka samu abin faɗa wanda ya wuce "ina neman aiki ne".

A rubuta kanun magana kawai. Wanda ya rubuta amsa cikakkiya yana karantawa, ana ganewa tun layin farko, muryarsa takan koma ta mai karanta sanarwa a rediyo.

Gaisuwa, kunya da murya

Nan ne gizo ke saƙar. Tarbiyyar da ke sa a yaba ma yaro a zauren Damagaram, wato doguwar gaisuwa, da sunkuyar da kai, da sassauta murya gaban babba, da ƙin yabon kai, duk abubuwa ne da ido ke gani ya fassara su da ladabi. A waya babu ido. Shirun girmamawa, mai sauraro yakan ɗauka layi ne ya yanke, ko ba ka san amsar ba. Murya ƙasa-ƙasa takan zama rashin tabbas. Gyaɗa kai ba ya isa Yamai. Saboda haka duk abin da jiki ya saba yi, sai baki ya karɓe shi: "na'am", "to", "ina jin ku", "ku ba ni ɗan lokaci in yi tunani".

Gaisuwa a yi ta, amma sau ɗaya: sallama ko barka da rana, sunanka cikakke, godiya. A bar mai kiran ya ja ragama. In Bahaushe ne ya tsaya tambayar gida da gajiya, a bi shi. In ya wuce kai tsaye ga aiki, ba wulaƙanci ba ne, mutum takwas ke jiransa bayanka. A kira shi da "ku", da Malam ko Hajiya, Mushe ko Madam, gwargwadon yadda ya gabatar da kansa. Da Faransanci kuma « vous » har ƙarshe, ko da muryar ta yi kama da ta sa'anka. "Ranka ya daɗe" sau ɗaya ya isa. Sau da yawa mutum biyu ko uku ne ke zaune gaban waya ɗaya, don haka a rubuta sunayensu yayin da suke faɗa.

Tambayar farko kusan kullum ita ce « Présentez-vous », wato ka gabatar da kanka. Ba asalinka ake tambaya ba, ba kuma unguwarku ko gidan da ka fito ba. Minti biyu sun isa: abin da ka karanta, inda ka yi aiki ko estaj, abin da ka iya wanda ya dace da wannan muƙami.

An ce yabon kai jahilci, kuma gaskiya ne. Amma faɗin aikin da ka yi ba yabon kai ba ne, shaida ce, kuma a waya ba ka da wani mai ba da ita sai kai. Mafita ita ce a bar siffanta hali a faɗi aiki. "Ni mai ƙoƙari ce, mai haƙuri, mai son aiki" kowa na faɗin haka, kuma mai kunya ba ta iya faɗinsa da ƙarfi. Amma a ce wata ta yi aikin wayar da kai a karkarar Matamai, sai ta ce: "Na yi wata takwas ina zagaya ƙauyuka shida. Ni ke tara mata, in auna hannun yara, in cika rajista, in kai rahoto duk ƙarshen wata. Da na ga mata ba sa fitowa ranar kasuwa, sai na maida taron washegari, suka riƙa zuwa." Babu alfahari a ciki, kuma mai sauraro ya samu wuri, da lokaci, da adadi, da matsala, da yadda aka warware ta. A shirya irin wannan labari guda uku kafin ranar: ɗaya kan aikin da ya yi kyau, ɗaya kan saɓani da abokin aiki ko mutanen gari, ɗaya kan kuskuren da ka yi ka gyara. Yawancin tambayoyi cikin ukun nan suke faɗawa.

A lura da "mun yi". Bakinmu ya saba da shi saboda kawaici, amma ba ƙungiyarku za a ɗauka ba. A ce "mun yi" ga aikin taro, sannan a ware: "ni nawa a ciki shi ne kaza."

Akwai kuma roƙo. "Don Allah ku taimaka mini, ina da iyali, shekara uku ina zaune." Mai yiwuwa duk gaskiya ne, sai dai sauran mutum takwas ɗin ma haka suke, kuma wanda ke sauraro takardar maki ce gabansa, babu gurbin tausayi a cikinta. Rantsuwa ma ba ta ƙara maki. Zagin tsohon maigida kuwa ragewa yake yi, ko da shi ne da laifi. Magana zarar bunu ce.

Ga murya: a zauna tsaye a kan kujera, ko a miƙe, kada a kishingiɗa a tabarma, don kwanciya tana fita a murya. A yi magana a hankali fiye da yadda aka saba, a bar ɗan tsaiko bayan mai tambaya ya gama, saboda kiran intanet yana jinkirta sauti, sai ku riƙa cin karo. Kada a buɗe lasifikar waya. Ekutar mai igiya ya fi. In ba ka ji tambaya ba, ka ce a maimaita, ya fi ka amsa wadda ba a yi ba. In layi ya yanke, jira minti biyu, in ba su kira ba ka kira, ka ci gaba daga inda aka tsaya ba tare da dogon ban haƙuri ba. Su ma a ƙasar nan suke.

Da wane harshe?

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. A aikace, yawancin irin wannan ganawa da Faransanci ake fara ta, sannan a gwada sauran harsunan da ka rubuta. Ga aikin karkara, Hausa mai kyau jari ce, haka Barbarci ga mai zuwa wajen Gure, da Fillanci, da Buzanci, da Tubanci ga mai zuwa Taskar. Ana iya ce maka: bayyana mana da Hausa yadda za ka yi ma mai gari bayanin wannan aiki. A gwada wannan a gida, don wanda ya yi karatunsa duka da Faransanci yakan tarar rabin kalmomin aikinsa bai taɓa faɗinsu da Hausa ba. Wanda kuma ya rubuta yana jin Ingilishi sosai alhali gaisuwa kawai ya iya, ya sani ana iya juya harshe tsakiyar hira ba gargaɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. "Ina karantawa, amma magana tana ba ni wuya" amsa ce da ake karɓa.

Maganar albashi

Kada ka fara tada ita, amma ka shirya mata, don ana yawan tambaya. Mafi ƙanƙantar albashi a hukumance, wato SMIG, ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun farkon 2024. Wannan ƙasan rijiya ne, ba ma'aunin mai diploma ba. Ka binciki abin da masu irin muƙamin ke samu, ka faɗi tsakanin kaza da kaza. Ka tambaya ko adadin da aka faɗa kafin a cire kuɗin CNSS da harajin albashi ne ko bayan an cire, don tazarar ba kaɗan ba ce. Ka tambayi irin kwantaragin, mai wa'adi ne ko marar wa'adi, da tsawon lokacin gwaji, da inda za ka zauna: "jihar Damagaram" na iya nufin cikin gari, na iya nufin Belbeji.

Wani tarko na gida: lissafin dala. In ka ce "dubu talatin" da lissafin kasuwa, jika 150 kake nufi, amma wanda ke rubutu da lissafin faran zai rubuta 30,000. A faɗi kuɗi da jika, ko a faɗe shi da Faransanci.

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta hana mai ɗaukar aiki ya yi la'akari da jinsi, ko addini, ko launin fata, ko ra'ayin siyasa, ko naƙasa, ko zama ɗan ƙungiyar ƙwadago wajen ɗauka. Duk da haka mata sukan sha tambayar aure da yara da "maigida zai bari?" Ba dole ki buɗe cikin gidanki ba. Amsa a kan aikin ta wadatar: "Na karanta sharuɗɗan, har da fita karkara, kuma na shirya musu."

Kiran da ba na aiki ba ne

Ƴan damfara sun gane cewa mai jiran kira yana da saurin yarda. Sukan kira da sunan wata babbar ƙungiya ko kamfanin mai, su ce an zaɓe ka, saura ka aika kuɗin dosiye, ko na likita, ko na horo, zuwa wata lamba kafin yamma. Alamominsu ba sa ɓuya: ba ka tuna ka nemi aikin ba, ba su yi maka tambaya ko ɗaya kan abin da ka iya ba, albashin ya wuce hankali, kuma suna gaggawa. Ma'aikatar kirki ba ta karɓar kuɗi ta lambar wani mutum don ta gana da kai, ba ta kuma tambayar lambar sirrin asusunka ko lambar da aka turo maka ta saƙo. In ka yi shakka, ka ce za ka kira, sannan ka je ofishin ma'aikatar ko reshen ANPE na Damagaram ka tambaya ko sanarwar ta gaske ce.

Bayan an ajiye waya

Kafin a yi sallama akan ce ko kana da tambaya. Ka tanadi ɗaya ko biyu kan aikin kansa, sannan ka tambayi mataki na gaba da lokacin da za a ji sakamako. Da an kashe, rubuta tambayoyin da aka yi maka tun ba ka manta ba, za su sake dawowa a wata ganawar. Gajeren saƙon godiya guda ɗaya ya isa. In wa'adin da suka faɗa ya wuce da kwana biyu ko uku, ana iya tuntuɓa sau ɗaya.

In aka ce ka zo Yamai, ka nemi a turo maka gayyatar a rubuce, ka kuma tambaya wa ke biyan kuɗin mota. Takardun da aka saba nema a fara tara su tun yanzu: katin ANPE, da takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da kwafin diploma da aka buga ma hatimi, da takardun shaidar wuraren da ka yi aiki. Kaziye, wato takardar shaidar rashin laifi, galibi ana son wadda ba ta wuce wata 3 ba, kuma daga kotun yankin da aka haifi mutum ake karɓo ta. Wanda aka haifa a Agadas ko Difa amma yake zaune a Damagaram sai ya sa kwanakin aike cikin lissafi.